Bukkoki Uku a Kan Dutse

Karatu: Markus 9:2-29 da Ayyukan Manzanni 8:1-8

 Maganar yau ta fi shafar waɗanda ikkilisiya ta ɗora wa nauyi a zumuntar matasa, wato shugaba da mataimakinsa, magatakarda, ma'aji, shugaban mawaƙa da malaman makarantar Lahadi. Sauran 'yan'uwa ma kada su ce ba da su ake ba, gama wanda ke zaune a bencin baya bana, mai yiwuwa shi za a zaɓa baɗi.

Abin da zan faɗa ba mai daɗin ji ba ne. Shugabancin matasa a ƙasar Rano da Kibiya ya faye son inuwa. Mun ƙware a shirya taro, mun iya fitar da anko, mun san inda ake hayar lasifika da janareta. Amma in aka ce a je inda babu kujera, babu mai ɗaukar hoto, sai ƙafa ta yi nauyi. In muka ci gaba a haka, ƙananan ikkilisiyoyin ƙauyukanmu, waɗanda iyayenmu suka kafa da gumi da haƙuri, za su bushe a hannunmu muna tsakar waƙa.

Mu dubi karatunmu na farko. Yesu ya hau wani dogon dutse tare da Bitrus da Yakubu da Yahaya. A can suka ga ɗaukakarsa da idonsu, ga Musa ga Iliya tare da shi. Bitrus, cikin tsoro da ruɗewa, ya kawo shawara a kafa bukkoki uku a wurin. Wa zai ga laifinsa? Wuri ne mai daɗi, babu masu gardama, babu masu roƙo, babu ƙura. Amma ko kara ɗaya ba a kafa ba, Yesu ya sauko da su. Da suka iso ƙasa, sai suka tarar da jama'a sun taru, malaman Attaura suna jayayya da sauran almajiran, ga kuma wani uba da ɗansa wanda aljani yake wahalshe shi tun yana ƙarami. Almajiran da aka bari a ƙasa sun gwada sun kasa. Wato a lokacin da Bitrus yake lissafin kara da ciyawar jinka, akwai uban da yake neman wanda zai taimaki ɗansa.

Mu ma muna da namu dutsen. Babban taron matasa na shekara dutse ne, haka daren waƙoƙi da kwanan addu'a da taron farkawa. Ban raina su ba ko kaɗan, gama Yesu da kansa ya hau da almajiransa, kuma mutum ba ya ba da abin da bai karɓa ba. Damuwata ita ce mun mai da dutsen gida. Ka ɗauki jadawalin zumunta na shekara ka ƙidaya. Shiri nawa ne ake yi a cikin ɗakin sujadarmu, domin mutanen da muke gani kowace Lahadi, nawa ne kuma ke fitar da mu ƙofa? Ka buɗe littafin ma'aji. Nawa aka kashe a yadi da abinci da hayar kayan sauti, nawa aka kashe a man babur na zuwa ziyara? Littafin ma'aji ya fi rahoton shugaba faɗin inda zuciyarmu take.

To, me ke gindin namu dutsen? Duk wanda ya saba bin hanyoyin ƙauyukan nan, daga wajen Rurum har zuwa su Tarai da Fammar, ya san yadda rayuwa take da zarar an bar kwalta. Akwai ɗakin sujada na ƙasa wanda mai bishara ɗaya ke lura da shi tare da wasu, da tsohon keke ko babur da ya ga jiya ya ga yau. Da an gama girbi samari su watse cin-rani, wasu Kano, wasu Abuja, wasu Legas da Fatakwal, wasu kuma su gangara noman rani wajen Bunkure da Kadawa inda ruwan Tiga ke ratsawa. Sai a bar mata da yara da tsofaffi. Akwai yaro ɗan shekara goma sha biyu da ba zai iya karanta aya ɗaya da Hausa ba, alhali Littafi Mai Tsarki cikakke yana cikin harshensa tun 1932. Akwai yarinyar da ta gama firamare da kyau, ana shirin aurar da ita, domin babu wanda ya zauna da mahaifinta ya nuna masa hanyar sakandare. Akwai saurayin da aka yi wa baftisma rana ɗaya da mu, yanzu ƙwaya ta kama shi, mun san inda yake zama da yamma, muna bi ta wata hanya. Akwai kuma kakanninmu da 'yan'uwan iyayenmu da har yanzu suke riƙe da al'adar gargajiya, waɗanda ba ma taka gidajensu sai ran biki ko ran rasuwa.

Waɗannan mutane ba za su zo taronmu ba. Wasu ba su da kuɗin mota, wasu kunya ta hana su, wasu ba su ma ji ana yi ba. In ba mu sauka ba, ba za mu haɗu ba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, mu kuwa zumunta muke kiran kanmu.

Yana da kyau mu tuna yadda bishara ta iso ƙasar nan, domin mu san abin da aka biya. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Legas, Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Ba wanda ya kai shekara talatin a cikinsu. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kaɗai ya tsira ya koma gida. Sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902. Wannan aiki ne ya zama SIM, daga cikinta kuma ECWA ta fito a 1954. A 1900 ayarin Bishop Tugwell na CMS, da Likita Miller a cikinsu, suka iso birnin Kano, Sarki Alu ya umarce su su fita, suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. Miller bai karaya ba. Ya zauna a Zariya daga 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa, shi ne kuma ya ɗauki babban kaso na fassarar da iyayenmu suka fara karantawa.

Shekaru da yawa Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan a masarautun Arewa. Ƙofar da ta buɗe a lardin Kano ta buɗe ne ta wurin aikin da kowa yake gudu, wato jinyar masu cutar kuturta. A shekarun 1930 SIM ta karɓi kula da su a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943. Sa'an nan ga masu bishara 'yan ƙasa, waɗanda suka baro garuruwansu a kudancin Zariya da ƙasar Tangale da Filato, suka zo da matansu da 'ya'yansu suka zauna cikin kakanninmu Maguzawa. Suka yi noma tare da su, suka sha ruwan rijiyarsu, da dare suka koya musu karatu a gaban aci-bal-bal. Yawancin sunayensu ba sa cikin littafi. Amma ka tambayi dattijo mafi tsufa a ikkilisiyarku wa ya fara koya masa baƙi da wasali, zai faɗa maka sunansa da garin da ya fito.

Duk mai riƙe da Littafi Mai Tsarki yau a Rano ko Kibiya, yana riƙe da shi ne domin wani ya bar danginsa da abincin da ya saba. Wannan bashi ne a kanmu. Masu binmu bashin yawancinsu sun huta, sai dai mu biya ga na gaba.

Karatunmu na biyu ya nuna cewa son inuwa ba yau ya fara ba. Kafin Yesu ya hau sama ya faɗa wa almajiransa za su yi shaidarsa daga Urushalima zuwa Yahudiya da Samariya har ƙarshen duniya (Ayyukan Manzanni 1:8). Amma ka karanta har sura ta bakwai, ikkilisiya tana nan a Urushalima. Zaman kuwa da daɗi: dubbai suna tuba, ana cin abinci tare, ana addu'a tare. Tsananin da ya tashi bayan kisan Istifanas ne ya warwatsa su. Luka ya lura da wani abu da ya kamata ya taɓa kowane mai muƙami, wato manzanni sun tsaya a Urushalima, waɗanda suka watsu ne suka tafi da Maganar. Filibus, wanda aka zaɓa domin rabon abinci ga gwauraye mata, shi ya shiga Samariya, wurin mutanen da Yahudawa ba sa ko shan ruwa da su. Wasu mutanen Kubrus da Kurane, waɗanda ko sunayensu ba a rubuta ba, su suka yi wa Helenawa bishara a Antakiya (11:20), garin da aka fara kiran masu bi Kirista. Allah bai jira mai babban muƙami ba. Mu ma bai kamata mu jira sai wahala ta kore mu kafin mu yi abin da aka umarce mu tun farko ba.

Na san amsoshin da za a ba ni, kuma wasu suna da nauyi.

Za a ce, ai Kano muke, sai a hankali. Gaskiya ne. Iyayenmu ba su manta da watan Oktoba na 1991 ba, lokacin da shirin taron wa'azin Reinhard Bonnke a birnin Kano ya ƙare da asarar rayuka da dukiya. Ba wanda yake cewa a ɗauki lasifika a shiga kasuwa, balle a taɓa addinin wani da baƙar magana. Yesu ya umarci almajiransa su haɗa hikima da tawali'u (Matiyu 10:16). Amma mu lura, yawancin aikin da na lissafa a cikin gida yake: yaranmu ne, 'yan'uwanmu ne, ikkilisiyoyinmu ne. Tsoron me zai hana ka koya wa ɗan ɗan'uwanka karatu? Game da maƙwabtanmu Musulmi kuwa, fita daga inuwa shi ne ka je ta'aziyya ka zauna a tabarma, ka je barka, ka fito ranar gyaran hanya ko yasar rijiya, ka duba mara lafiya a asibitin Rano ba tare da ka tambayi addininsa ba. In za ku shiga ƙauye, ku fara da gaida mai unguwa ko dagaci, ku faɗa masa abin da ya kawo ku. Matasanmu da yawa sun girma ba su taɓa cin tuwo kwano ɗaya da maƙwabcinsu ba, tsoro ya gina katanga a tsakani. Ranar da jita-jita ta tashi, amanar da aka gina tun da ita ke ceton rai. Shugaban matasan da liman da dagaci suka san shi da suna, suka san halinsa, garkuwa ne ga waɗanda yake shugabanta.

Za a ce ba mu da kuɗi. Wannan ma gaskiya ne, kowa ya san yadda man fetur da taki suka yi tsada. Amma zumuntar da ta iya tara kuɗin anko a mako uku za ta iya tara kuɗin alli da allo. Gayya a gonar mai bishara ba ta bukatar komai sai fartanya da safiya ɗaya. Mutumin da ba ya fargabar abin da iyalinsa za su ci, ya fi samun zarafin ziyara da shirya wa'azi.

Za a ce fasto bai aike mu ba. Kun tambaye shi? Ku je wurinsa da dattawa da shiri a rubuce: ga ƙauyen, ga mutanen da za su je, ga ranakun, ga abin da za a yi. Ba tawaye nake kira ba, aikin da aka yi a bayan idon dattawa ba ya daɗewa. Ku kuma iyayenmu fastoci da dattawa, da girmamawa muke roƙo, ku sake mu. Kada ku auna zumuntar matasa da cikar bencin mawaƙa ran Lahadi kaɗai. In mutum huɗu ba sa nan domin sun tafi riƙe sujada a inda babu kowa, ku sa musu albarka daga bagade, ku faɗi sunan ƙauyen a yi masa addu'a.

Akwai wasu inuwoyi da ba a ganin su da ido, su ne kuma suka fi wuyar bari. Ɗaya ita ce harshe. 'Yan'uwanmu da ke karatu a Jami'ar Bayero, da Wudil, da Zariya, muna alfahari da ku. Amma in kun dawo hutu aka ba ku bagade, ku tuna da iyayenmu mata da ke zaune a gabanku. Wa'azin da rabinsa Turanci ne yana nuna an yi makaranta, amma Inna ta koma gida ba ta ɗauki komai ba. Neman kalmar Hausa da za ta ɗauki ma'anar alheri ko fansa har tsohuwa ta gane ya fi wuya, shi ya sa muke gudunsa.

Wata inuwar ita ce shiru. Shugaba ya san abokinsa a kwamiti yana taɓa kuɗin zumunta, ko yana yaudarar wata 'yar'uwa, amma ya kama bakinsa don kada zumunci ya ɓaci. Shirun nan yana kare jin daɗin shugaba ne, 'yar'uwar kuwa ita ke biya. Hanyar da Ubangiji ya shimfiɗa a Matiyu 18 a fili take, ana farawa ne da zuwa wurin mutum a keɓe, tsakaninka da shi.

Ta ƙarshe ita ce kujerar kanta. Akwai mai shekara da shekaru yana shugabanci, shi ke buɗe addu'a, shi ke wa'azi, shi ke rufewa, ran da ya tafi cin-rani zumunta ta tafi tare da shi. Barnaba yana da suna da daraja a Antakiya, amma ya tashi takanas zuwa Tarsus ya nemo Shawulu ya sa shi cikin aikin (Ayyukan Manzanni 11:25-26), har daga baya sunan Bulus ya riƙa zuwa gaba da nasa. Ka ba ƙaninka wa'azi ko da zai yi in'ina. Ka ba 'yar'uwa jagorancin nazari. Ka zauna a baya ka saurara, bayan an tashi ka gyara masa cikin ƙauna.

Don kada maganar ta tsaya a baki, ga abin da nake ba da shawara kowane kwamiti ya tattauna a zamansa na gaba.

Na ɗaya, da shawarar fasto ku zaɓi ikkilisiyar ƙauye guda ɗaya, ku ɗauki alkawarin shekara cif da ita. Ziyarar rana ɗaya da hoto ba ta gina komai. Ku riƙa zuwa biyu-biyu, kamar yadda Yesu ya aiki almajiransa (Markus 6:7), ko da sau biyu ne a wata.

Na biyu, ku buɗe ajin karatu ran Asabar, na yara da na manya. Wanda ya gama sakandare ya isa ya koya wa wani karanta Hausa.

Na uku, ku rubuta sunayen waɗanda suka daina zuwa sujada. Kowane ɗan kwamiti ya ɗauki suna biyu, ya je gida ya same su, ya fara da sauraro kafin wa'azi.

Na huɗu, kafin samari su tafi cin-rani ku san inda kowa zai je, ku karɓi lambar wayarsa, ku haɗa shi da wata ikkilisiya a can. Waɗanda ke gonakin rani kusa da mu kuwa, babur zai kai ku wurinsu.

Na biyar, ku keɓe wani kaso na kuɗin zumunta, ko da ɗaya cikin huɗu ne, domin aikin waje, ku rubuta shi a littafi tun farkon shekara yadda anko ba zai cinye shi ba.

Ba zan ɓoye muku abin da za ku tarar ba. Rana za ta dake ku. Babur zai lalace a hanya. Da damina rafi zai tare ku, ku tuɓe takalmi. Wata rana za ku isa ku sami mutum biyar, uku daga ciki yara. Wasu abokanku za su ce kuna neman suna, wasu su ce kun rasa aikin yi. Za a yi watanni ba ku ga sakamako ba. Waɗanda suka zo wurin kakanninmu sun sha fiye da haka, kuma ba su san cewa wata rana za a sami zumuntar matasa a ƙasar nan da za ta riƙa gardama a kan launin yadi ba.

Da almajirai suka tambayi Yesu a keɓe dalilin da ya sa suka kasa taimakon yaron nan, ya nuna musu addu'a ce suka rasa (Markus 9:29). Saboda haka kada wani ya ji maganar nan ya bar ɗakin addu'a ya ce zai yi aiki da ƙarfinsa, zai gaji tun kafin kaka. Mu hau mu karɓa, mu sauko mu bayar, kowane mako. Wanda Ubangiji ya taɓa zuciyarsa, kada ya jira babban taro, ya sami fastonsa bayan sujadar Lahadin nan ya ce masa, Baba, wane ƙauye ne ba shi da kowa?

Addu'a: Ya Uba na sama, mun gode maka domin bayinka da suka bar gidajensu har Maganarka ta iso gare mu. Ka ba shugabannin matasanmu zuciyar da ba ta ƙyamar ƙura. Ka ba mu hikima cikin zama da maƙwabtanmu, ka kiyaye ƙasar Rano da Kibiya da salama. Ka ƙarfafa masu bishara da ke aiki su kaɗai a ƙauyuka, ka aiko musu da mataimaka daga cikinmu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.